Debian, Mint ko Ubuntu: wacce za ta riƙe ka ranar da shabaka ta ɗauke?

Ɗan yayata ya iso Gadarif a ƙarshen 2023, cikin ayarin mutanen da suka baro Wad Madani, da jaka ɗaya da tsohuwar laftof ɗin da yake karatu da ita. Kwamfutar ba ta mutu ba, tsufa ne kawai ya kama ta: ram gig 4, faifan ajiya irin mai juyawa, batir ɗin da ba ya kai awa guda. Ya ci gaba da lallaɓa ta har aka shiga 2025, lokacin da maganar ta bazu cewa Microsoft zai daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, ita kuwa Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfuta, da injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama, abin da tasa ba ta da shi. Wata la'asar ya shigo shagona ya ajiye ta a kan tebur.

"Kawu, abokaina sun ce in sa Linux. Wani ya ce Ubuntu, wani ya ce Mint, wani ya ce ai Debian ce ta manya. Wacce zan ɗauka?"

Na ce, "Zauna tukuna, ɗana. Gig nawa kake iya saye a wata? Kuma awa nawa kuke samun wuta a unguwarku?"

Ya dube ni kamar na kauce wa tambayar, alhali kuwa a nan amsar take. Yawancin masu kwatanta waɗannan manhajoji suna rubutu ne daga ƙasashen da intanet take kamar ruwan famfo, saboda haka abin da suke aunawa shi ne kyan fuska da sabunta. Mu da muka ga an rufe intanet sama da wata guda daga watan Yunin 2019, aka sake rufe ta makonni bayan 25 ga Oktoban 2021, ta sake ɗaukewa a faɗin ƙasa a Fabrairun 2024, ma'auninmu daban ne. Manhajar da ta dace da mu ita ce wadda za a iya ɗora ta ba shabaka, wato ba intanet, ba ta cinye data a ɓoye, kuma in wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki za ka iya tashinta da hannunka.

Linux da kanta ƙwayar ciki ce kawai, wadda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya soma tun 1983. Abin da kake ɗorawa a kwamfuta haɗi ne da wani gida ya shirya. Ukun da ɗan yayata ya ambata kuwa 'yan gida ɗaya ne. Debian ce kaka, Ian Murdock ya kafa ta a 1993, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita. Ubuntu ta fito daga cikinta a 2004, a hannun kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Mint kuma ta fito a 2006, Clément Lefèbvre ya fara ta, kuma a kan Ubuntu ake gina ta. Wannan dangantaka tana da amfani a aikace: umarnin da ka koya a ɗaya zai yi maka aiki a sauran biyun. Don haka kuskuren zaɓe tsakaninsu ba ya kai ka ga asarar ilimi, sai dai asarar data da lokaci.

Akwai wani abu kuma da yake taɓa zuciyata a matsayina na wanda ya yi gyaran kwamfuta a zamanin takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa 2017. Mun tashi a kan manhajojin da aka fasa, ana yawo da su a filashi tare da ƙwayoyin cutar da ke cikinsu, domin ko kana da kuɗin saye babu hanyar biya. Lasisin waɗannan manhajoji na Linux shi da kansa ya ba ka izinin kwafa ka ba maƙwabcinka. Mutum ɗaya ya sauke, unguwa duka ta ɗora, ba wanda ya ci haƙƙin wani. A wurin da gig ɗaya yake da nauyi a aljihu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu fara da ranar ɗorawa. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kusa gig 6. Na Mint 22 bai kai gig 3 ba. Debian tana da iri biyu: ƙarami mai ƙasa da gig 1, wanda yake jawo sauran kayan daga intanet yayin ɗorawa, da babba na DVD mai kusan gig 4, wanda zai ɗora maka cikakken tsari ba tare da shabaka ba. Kada ƙanƙantar na farkon ta ruɗe ka. In sabis ya yanke kana tsakiya, za ka iya ƙarewa da baƙin allo ba fuska ba komai. A wurinmu na DVD ne abin nema.

Matsalar da ta fi yawa a ranar farko ita ce Wi-Fi ta ƙi tashi, musamman a tsofaffin laftof masu katin Broadcom. Kana buƙatar intanet don ka sauko da direba, wato 'yar manhajar da ke sa katin ya yi aiki, kana buƙatar direba don ka samu intanet. Mint ta yi tunanin wannan: manhajarta ta kula da direbobi tana iya ɗauko su daga filashin da ka yi ɗorawar da shi, ba sai an hau shabaka ba. Debian ta daɗe tana wahalar da mutane a nan, domin da ba ta saka direbobin da ba a buɗe lambarsu ba a cikin faifanta. Bayan ƙuri'ar da 'yan ƙungiyar suka kaɗa a 2022, daga Debian 12 ta watan Yunin 2023 an fara saka yawancinsu, kuma ƙorafin ya ragu sosai. In duk ya ƙi, ka haɗa wayarka da kebul ka kunna raba intanet ta USB. Wannan hanya tana aiki a kusan kowace Linux ba tare da an ɗora komai ba.

Debian tana da wasu 'yan tarkuna biyu da ke kama sabon shiga. In ka saka kalmar sirri ta root, wato babban asusun da ke iko da komai, lokacin ɗorawa, ba za a ba sunanka ikon sudo ba, umarnin da ake canza tsarin kwamfuta da shi, sai ka zo daga baya ka ga an hana ka komai. Ka bar wurin fanko, za a ba ka ikon kai tsaye. Na biyu, bayan ɗorawa daga DVD za ta riƙa tambayarka faifan duk sanda ka nemi sabuwar manhaja, har sai ka buɗe /etc/apt/sources.list ka toshe layin da ya fara da cdrom. Aikin minti 2 ne ga wanda ya sani, aikin kwana ne ga wanda bai sani ba. Mint ba ta da irin waɗannan, kuma wannan ne babban dalilin da nake miƙa ta ga wanda ba shi da mai nuna masa.

Amma inda data take tafiya da gaske ba ranar ɗorawa ba ce, bayanta ce. A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya fahimta, domin wannan ne bambancin da ya fi kowanne taɓa aljihu.

Hanyar asali ta samun manhaja a wannan dangi ita ce apt. Akwai rumbu a intanet, na Debian yana da ƙunshi sama da 60,000, kuma ƙunshin suna yin tarayya a kayan aiki. In manhaja 10 suna buƙatar abu ɗaya, sau ɗaya za a sauko da shi. Shi ya sa ƙaramar manhaja za ta zo maka a 'yan megabait. Daga baya aka fito da wasu hanyoyi da kowace manhaja take zuwa da nata kayan a ƙulle. Snap ita ce ta Canonical, kuma a Ubuntu ta yanzu hatta Firefox ta hanyarta yake zuwa. Snap tana duba sabuntawa sau 4 a rana, kuma in ta samu za ta sauke ba tare da ta tambaye ka ba. Ana iya taka mata birki da sudo snap refresh --hold, ko a sa ta ta dakata in layin na awo ne, amma sai wanda ya san da maganar. Wanda bai sani ba zai kunna hotspot don ya aika saƙo ɗaya, ya ga data ta ragu bai san inda ta bi ba. Flatpak, wadda Mint take bayarwa a gefen apt, ba ta da wannan gaggawar, amma manhajar farko da za ka ɗauka ta hanyarta tana jawo wani tushe mai ɗaruruwan megabait, wani lokaci ya haura gig 1. A shagon manhajojin Mint manhaja ɗaya takan bayyana ta hanyoyi biyu. Ka duba, ka ɗauki ta tsarin, ka bar ta Flathub, wato rumbun Flatpak, sai in babu makawa. Mint ta toshe Snap tun daga zubi na 20 a 2020, kuma ba ta ɗora sabuntawa sai ka danna da kanka.

Akwai ta huɗu, AppImage, wadda fayil ɗaya ce tak: ka kwafa a filashi, ka ba ta izinin aiki, ta buɗe. Ba ta sabunta kanta, ba ta neman shabaka. Don rabawa tsakanin mutane babu kamarta, sai dai sababbin Ubuntu suna buƙatar a ɗora musu libfuse2 kafin yawancinsu su tashi. Kuma tunda daga hannu zuwa hannu take yawo, sai a kula daga ina ta fito.

Ta fuskar yawan sabuntawa, Debian ce ta fi kowa natsuwa. In zubi ya fito, kamar Debian 13 da ta fito a watan Agustan 2025, manhajojin cikinsa suna tsayawa yadda suke, gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai ke zuwa, kuma ana kula da shi kimanin shekara 5 in an haɗa da tallafin dogon zango. Masu son sabon abu suna ganin wannan aibi ne. Ni a Gadarif ina ganinsa alheri. Ubuntu mai dogon zango tana fitowa duk bayan shekara 2 a watan Afrilu, da kulawar shekara 5, Mint kuma tana bin sawunta. Mint 22 za ta kai 2029. Sabuntawarsu ta fi ta Debian yawa da nauyi, amma ana iya jurewa in kai ne ke zaɓar lokacin.

Fedora ba 'yar wannan gida ba ce, ta ɓangaren kamfanin Red Hat ce, kuma manhaja ce mai kyau ƙwarai. Sai dai sabon zubi yana fitowa duk wata 6, kulawarsa kimanin wata 13 ce, sabuntawa kuma kusan kullum. Wanda yake Riyad ko Jidda da intanet marar awo, ko wanda yake shirin jarrabawar Red Hat, ya ɗauke ta da albarka. Ban ba kowa shawararta a nan ba.

Mai shago ko makaranta da ke da kwamfutoci da yawa yana da dabarun da mutum ɗaya ba ya buƙata, kuma a nan Debian take nuna girmanta. Duk ƙunshin da aka sauko da shi yana sauka a /var/cache/apt/archives. Umarnin apt yana share su bayan ya gama ɗorawa, amma tsohon umarnin apt-get yana barinsu. Saboda haka in kana so ka kwashe su zuwa wata kwamfutar mai zubi iri ɗaya, ka yi amfani da apt-get. Wanda yake da kwamfutoci a kan layi ɗaya ya ɗora apt-cacher-ng a guda, sauran su riƙa ɗiba daga wurinta. Abin da aka sauke sau ɗaya ya ishi kowa. Akwai kuma apt-offline, wadda kamar don mu aka yi ta: kwamfutar da ba ta da shabaka za ta rubuta jerin abin da take buƙata a ƙaramin fayil, ka kai shi inda ake samun intanet, ko da wurin masu Starlink ne da ake biya da awa, ka sauko da kayan, ka dawo ka ɗora. MX Linux, wadda ita ma 'yar Debian ce, ta ƙara wani abu: manhajarta MX Snapshot tana mayar da kwamfutarka da duk abin da ka ɗora mata ta zama fayil ɗin ɗorawa. Ka gyara guda ɗaya da kyau, da Larabci da Hausa da duk manhajojin aiki, ka juye ta a kwamfuta 20 ba tare da ka ƙona ko megabait ɗaya ba. In da ni ne zan buɗe ɗakin kwamfuta a wata makaranta a Mai Wurno ko Kasala, ta nan zan bi.

Ƙarfin inji magana ce gajera. Ubuntu tana zuwa da fuskar GNOME, wadda take son ram gig 4 a ƙalla, kuma ta fi sakewa a 8. Mint tana da fuska uku: Cinnamon, MATE da Xfce. Mai gig 8 ya ɗauki Cinnamon, mai gig 4 ya ɗauki Xfce. Mai gig 2 ko tsohuwar kwamfuta mai 32-bit ya nemi antiX, wata Linux marar nauyi, domin Ubuntu da Mint sun daɗe da barin 32-bit, Debian 13 ma ta daina fitar da faifan ɗorawarsa. Kuma kowace ka zaɓa, sauya faifan ajiya mai juyawa da SSD, faifan da ba ya juyawa, zai ƙara wa kwamfutar sauri fiye da duk wani canjin manhaja, ga shi ya fi jure girgizar hanya.

Yanzu rubutu, wanda shi ne ainihin aikin yawancinmu. Bahaushen Sudan yana rubuta Larabci don makaranta da ofis, Turanci wani lokaci, Hausar boko in yana hira da 'yan'uwa a Kano ko Damagaram, dattawanmu kuma ajami suka sani. Windows ɗin da muka saba da ita ta sa da yawa sun haƙura da ɓ da ɗ da ƙ, suna rubuta "kasa" ko ƙasa suke nufi. A duk waɗannan manhajoji na Linux kibod ɗin Hausa yana nan a ciki tun asali, har iri biyu, na Nijeriya da na Gana. Ka shiga saitin kibod ka ƙara shi tare da na Larabci, ka sa maɓallin sauyawa, shi ke nan. Ba sai an sauke komai ba.

Salon haruffa kuwa, Amiri na Khaled Hosny, wanda aka zana bisa tsarin tsohuwar maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, ya fi dacewa da rubutun littafi. Scheherazade New ma yana da kyau, kuma yana ɗauke da haruffan da Larabcin asali ba shi da su. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne Harmattan da Alkalami, waɗanda cibiyar SIL ta fitar don ajamin Afirka ta Yamma. Alkalami an zana shi ne bisa rubutun hannu na ƙasar Kano, mai kaurin nan irin na allo. Ranar da na nuna wa wani dattijo mai almajirai a unguwarmu, ya daɗe yana kallon allon kafin ya ce, "Malam, ai wannan hannun namu ne." Duka suna cikin rumbun Debian da na Ubuntu, kuma ba su da nauyi.

Tsakanin LibreOffice da OnlyOffice, zaɓin ya danganta da harshen da ka fi rubutawa. LibreOffice tana zuwa tare da Mint da Debian, ta daɗe da ƙwarewa a rubutun dama zuwa hagu, sai dai ka shiga saitin harsuna ka kunna na rubutu mai sarƙaƙiya kafin maɓallan juya sakin layi su bayyana. OnlyOffice ta fi kama da Word a ido, kuma takan fi kiyaye tsarin fayil ɗin docx, amma sai a 2024 ta fara karɓar rubutun dama zuwa hagu. Mai rubuta bincike da Larabci, da hashiya da ayoyi masu wasali, ya zauna a LibreOffice. Abin da ke ɓata takarda in an kai ta wata kwamfutar yawanci ba manhajar ba ce, rashin salon haruffan ne. Traditional Arabic da Simplified Arabic na Microsoft ne, ba sa zuwa da Linux. In malaminka ya wajabta ɗayansu, ka san da wannan tun kafin ka fara. Liberation da Carlito an yi su daidai da faɗin Times New Roman, Arial da Calibri, don haka ɓangaren Turanci ba ya motsi. Duk abin da za a buga ko a miƙa, a mayar da shi PDF tukuna.

Firinta kuma a gwada ta kafin a goge Windows. Yawancin na zamani suna aiki da an haɗa. Amma wasu tsofaffin da suka cika shagunan buga takardu, irin su HP LaserJet 1020 da ke buƙatar a sauko mata da wani ƙaramin fayil, ko Canon LBP2900 mai direban CAPT, suna neman haƙuri. Wanda abincinsa yake kan firinta ya tashi kwamfutar daga filashi ba tare da ya ɗora ba, ya buga shafi ɗaya ya gani da idonsa.

Ɗan yayata ya tambaye ni ko dole ne ya koyi baƙin allon umarni. Na ce masa a ranar lafiya ba dole ba ne, Mint za ta yi masa komai da linzami. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wuta tana ɗaukewa a nan ba sallama, batir ɗinsa kuma ya gaji. In kwamfuta ta mutu tana tsakiyar sabuntawa, apt za ta ƙi yin komai har sai ka rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install. In ta tashi ta tsaya a wani baƙin allo da aka rubuta initramfs, yawanci ba ta lalace ba. Tana cewa ne a duba faifan, kuma takan faɗi sunansa a saman allon. Ka rubuta fsck -y da sunan, misali /dev/sda2, ka jira, ka sake tashinta. Na ga mutane sun goge kwamfuta gaba ɗaya, da hotunan iyayensu a ciki, saboda wannan allon da layi ɗaya yake warwarewa. Tsarin ext4 da Debian da Ubuntu da Mint suke amfani da shi yana riƙe da littafin abin da yake rubutawa, shi ya sa yakan farfaɗo bayan yankewar wuta. Duk da haka kada ka fara sabuntawa sai kana da tabbacin wuta ko cikakken batir.

Sauran umarnin da nake koya wa kowa ba su da yawa. wget -c yana ci gaba da saukewa daga inda ya yanke maimakon ya koma farko, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin buɗe baƙin allo. sha256sum yana tabbatar maka fayil ɗin da ka sauke ko ka karɓa a hannun wani bai lalace ba. lsblk yana nuna faifai da filashin da ke haɗe, df -h yana nuna sauran wuri. vnstat yana lissafa datar da ka ci a rana da wata, nethogs kuma yana nuna manhajar da ke ci a wannan lokacin. A saitin shabaka ka yi wa hotspot ɗin wayarka alamar layin awo. Da zafin watan Afrilu da ƙurar da ke toshe fanka, sensors zai gaya maka zafin injin, smartctl kuma ya gaya maka ko faifan ya fara gajiya. Kowane umarni yana da littafinsa a cikin kwamfutar: rubuta man da sunansa, ba sai da intanet ba. Abu ɗaya da nake hanawa da ƙarfi shi ne kwafo umarni mai sudo daga wani zaure a liƙa ba a san me yake yi ba.

Ajiya ita ce abin da ba na iya magana a kansa da sanyin jiki. Tun daga 15 ga Afrilun 2023 mutane nawa ne suka bar Khartum da takardun shaidar karatu da na gida a cikin durowa, ko a kwamfutar da aka wawashe? Mint tana zuwa da Timeshift, kuma mutane da yawa suna kunna ta su ɗauka sun tsira. Timeshift tsarin kwamfutar take karewa. In sabuntawa ta ɓata wani abu, ta mayar da kai jiya. Bisa saitinta na asali ba ta ɗaukar fayilolinka, kuma in a faifai ɗaya take ajiya, faifan ya mutu, ta tafi tare da shi. Takardunka suna buƙatar rsync ko Déjà Dup zuwa wani faifai na waje. rsync yana kwafar abin da ya canza kawai, saboda haka bayan karo na farko aikin 'yan daƙiƙu ne, sai dai a yi hankali da --delete, wanda yake share duk abin da babu shi a tushe. Fasfo, lambar ɗan ƙasa, shaidar makaranta, takardar fili, a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi a filashin da ba ya kwana a jakar laftof, wani kwafin kuma a aika wa ɗan'uwa a wani gari.

Dukkansu ukun suna ba ka damar kulle faifan gaba ɗaya da LUKS lokacin ɗorawa. In an sace kwamfutar, ɓarawo ya samu ƙarfe amma bai samu sirrinka ba. Sai dai in ka manta kalmar, babu mai gyaran da zai buɗe maka, ni ma ba zan iya ba. Ga ɗan jarida, ma'aikacin lafiya ko mai riƙe da bayanan mutane, ina ganin wajibi ne. Ga kwamfutar gida da yara da iyaye ke amfani da ita tare, na fi son a bar faifan a buɗe, a kulle muhimman takardun kaɗai.

To wa zai ɗauki wacce? Sabon shiga da yake shi kaɗai, da data ta awo, Mint ce tasa, domin ita ce ta fi rage ranakun da zai zauna yana kallon allo ba mai taimako. Wanda ya riga ya saba, ko yake da mai nuna masa, kuma abin da ya fi damunsa shi ne data da kwanciyar hankali, Debian ta fi masa. Ita ce a kan kwamfutar shagona. Mai kwamfutoci da yawa ya dubi Debian da apt-cacher-ng ko MX da Snapshot. Ubuntu ba na kushe ta: bayanan koyo sun fi yawa a kanta, har da na Larabci, kuma ana yawan samunta a manyan kwamfutocin kamfanoni, don haka matashin da ke neman aikin kula da su a Bur Sudan ko a ƙasashen Gulf zai amfana da saninta. Amma ya fara ɗaure Snap kafin ya kunna hotspot.

Ɗan yayata mun sa masa SSD, muka ɗora Mint mai Xfce, da kibod uku, da Amiri da Alkalami, da VLC don darussan da ake turo musu. Na ƙara masa Kiwix tare da Wikipedia ta Hausa da wani yanki na ta Larabci, yana karantawa ko babu sabis, da LocalSend don tura fayil tsakanin waya da kwamfuta ba tare da an taɓa data ba. Sannan na shirya masa filashi mai gig 32 da Ventoy, wadda take barin ka zuba fayilolin ɗorawa da yawa a filashi ɗaya ka zaɓa lokacin tashi: Mint, Debian ta DVD da antiX, da wata jaka mai ƙunshin da muka sauko da su. Umarnin gyara kuma na sa ya rubuta su da biro a bangon littafinsa, domin ranar da zai buƙace su allon ba zai buɗe ba balle ya duba.

Bayan mako 3 ya dawo, ba da laftof ɗin ba, da filashin kawai.

"Kawu, ka ƙara mini apt-offline a ciki. Abokaina biyu na ɗora wa, na ukun yana Doka, can kuma sabis sai an hau tudu."